Ganin Ɗaki a Rafin Ɗinya

Tun ranar da aka kawo lefen Hindatu, Malam Shitu bai ƙara cin tuwo da daɗin rai ba. Ba lefen ne ya yi masa kaɗan ba. Akwati biyu ne, daidai ƙarfin malamin firamare, kuma duk faɗin Kiru babu wanda zai ce Shitu mai kwaɗayi ne. Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya: ina za a kai masa 'ya?

Tun farkon neman auren ya faɗa, ranar sa rana ma ya maimaita, shi ba ya ba da 'yarsa ga wanda ba shi da muhalli. Abdulhadi, mai neman auren, ya ce akwai gida. Gwamnati ce ke gina wa malaman ƙauye gidaje don su daina guduwa, nasa har an fara ɗora bulo, kafin kaka an gama. Kan wannan magana aka karɓi goro. To ga kaka ta zo, an yanke dawa, biki ya matso, amma sai raɗe-raɗi ake ji.

Shi ya sa da aka tashi tura mata ganin ɗaki, su auna inda gado zai zauna da tsawon labule kamar yadda aka saba, Shitu ya ce ba zai tura yara ba. Yayarsa Tasalla ce za ta je.

Gwaggo Tasalla ita ta riƙe Hindatu tun rasuwar uwarta. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san aikin malanta fiye da masu takardar. Mijinta marigayi Malam Inuwa malamin firamare ne, ta bi shi ƙauye ƙauye, daga ɗakin aro zuwa ɗakin aro, har ya mutu bai kafa ko ƙusa a bangon da zai ce nasa ba. Ta dawo gidan ubanta da tabarma da 'yan kwanuka. Saboda haka ranar da Hindatu ta fara kawo mata zancen malamin makaranta, zagi ta sha. Sai da yarinyar ta yi shekaru tana korar manema, har ƙannenta suka yi aure suka bar ta, sannan Gwaggo ta sassauto. Wani abu kuma da kowa ya sani, Tasalla ba ta ƙarya, ko da gaskiyar za ta ƙone gida.

"Yaya," in ji Shitu, "abin da idonki ya gani shi za ki faɗa mini. In ɗaki ne, biki na nan. In ba ɗaki ba ne, a mayar musu da kayansu."

Da sassafe Tasalla ta naɗe igiyar awo ta cusa a jaka. Hindatu na tsaye a bakin ƙofa riƙe da mayafin Gwaggo, idanunta sun kumbura. Gwaggo ta fizge mayafin ta ce mata ta je ta ɗora ruwan koko, kuka ba ya rufa ɗaki.

Kande ce 'yar rakiya, ƙanwar marigayiya uwar Hindatu. Ita kuwa tun asali ba ta son auren. Nata ɗan takarar Bature ne, dillalin shinkafa a Tudun Wada, wanda ya aiko mutanensa har sau biyu aka ba su haƙuri. Tun daga Kwanar Dangora ta fara waƙarsa: ga gida, ga mota, ga injin casa. Har suka ratsa daji suka wuce Doguwa bakinta bai huta ba. Tasalla dai goronta take ci, tana kallon duwatsu ta taga.

A Riruwai mota ta ƙare, suka hau babur. Hanya ce wadda ko jaki zai yi tunani kafin ya bi. Suka tsallake rafi, suka hau tudu, suka gangara, sai ga Rafin Ɗinya a gindin dutse.

Karatun yara suka fara ji. A ƙarƙashin wata ɗorawa, ga yara nan birjik a ƙasa, manya a baya ƙanana a gaba, mutum ɗaya yana zagaya su da alli a hannu. Da ya hango baƙi sai ya tsaya cak. Ya sallami yaran, ya taho ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa, ya yi gaisuwa irin ta suruki. Ya rame. Wuyan rigarsa ya sha wanki har ya fara zare.

Tasalla ta amsa a taƙaice ta ce ya kai su ɗakin, rana na yi.

Ya daɗe bai tashi ba. Daga baya ya miƙe ya wuce gaba, suka bi shi ta bayan makaranta.

Allon sanarwar aikin gwamnati suka fara gani, babba, a kan ƙafafun ƙarfe, fentinsa na sheƙi. Bayan allon kuma ga ginin. Bulo ne ya kai iyakar saman taga ya tsaya. Babu rufi, babu ƙyaure, babu daɓe. Tafasa ta fito a tsakiyar falo har ta yi 'ya'ya ta bushe. Wata akuya na kwance a inda ya kamata gadon amarya ya zauna, tana tuƙa, ko tashi ba ta yi ba.

Kande ta tafa hannu ta kama haɓa. Ta ce ita dai ta ga aure iri iri, amma yau ta ga ɗakin da amarya za ta riƙa ƙirga taurari daga kan gado. Ta tambayi Abdulhadi ko akuyar ma cikin kayan gwamnatin take.

Tasalla ba ta yi dariya ba. Ta shiga ta kori akuyar, ta zaro igiya ta ce Kande ta kama bakin. An aiko ta awo, awo za ta yi. Ta auna tsawo ta ƙulla, ta auna faɗi ta ƙulla. Da ta zo kan taga, ramin banza, sai ta tsaya. Irin wannan ramin ta taɓa toshewa da buhu a wani ƙauye, tana da ciki, ruwa na feso mata. Ta yar da igiyar a nan.

Maigari ya iso da sandarsa, dattijo mai furfura, ya yi musu maraba. Shi ya ba su labari. Mutanen ofis sun zo da motoci, aka yi jawabi aka yi tafi, aka ce daga yau malamin ƙauye ya daina wahala, ga gida, ga ƙarin alawus, kowa ya zauna a inda yake. Magina suka yi 'yan makonni suka kwashe kayansu. Da mutanen gari suka ga damina ta wuce, ga malaminsu zai yi aure, suka yi gayya, suka saro azara, mata suka yanko shuci, za su yi masa ko da jinka ce. Ranar da za a ɗora sai ga saƙo daga ofis: kada wanda ya taɓa ginin, kayan gwamnati ne, ɗan kwangila bai miƙa ba, duk wanda ya sa hannu zai yi bayani. Ya nuna musu azarar a jingine da bango, gara ta fara ci.

Ka ji fa. Su ba su rufa ba, ba su bari an rufa ba.

Tasalla ta tambayi inda malamin yake kwana. Aka nuna mata sito, wani ɗan ɗaki a jikin aji, cike da karyayyun bencina, da katifa a naɗe a lungu. Ta sa Kande da maigari suka ba su wuri. Ta zauna a kan bulo, shi kuma ya tsuguna.

"Ɗan nan, me ya hana ka faɗa?"

"Gwaggo, duk zuwan da na yi ofis sai su ce wata mai kamawa. Ni kuma na yarda. Da na ga rana ta matso sai kunya ta kama ni. Da wane baki zan je in ce wa Baba abin da na faɗa masa a gaban mutane babu shi?"

"Kunya ba ta hana ruwa zuba. Ku nawa ne a makarantar nan?"

Ya ce da su huɗu ne. Ɗaya ya koma acaɓa, ɗaya ya bi masu haƙar ma'adinai, ɗaya ya koma shinkafa. Saura shi.

"To kai uban wa ya ɗaure ka?"

Ya ce ranar da ya tafi, ranar za a sa wa makarantar kwaɗo. Akwai yaran da suka fara haɗa baƙi a bana, akwai 'yan Fulani da ke tsallako rafi saboda shi. Ya ɗago kai, karo na farko, idanunsa sun yi ja.

"Amma Gwaggo, in Hindatu ta ce in bari, wallahi zan bari. Ki gaya mata. Ita kaɗai za ta ce."

Tasalla ta kau da kai. Haka Inuwa yake magana, da wannan sanyin murya mai sa mutum ya rasa inda zai sa fushinsa. Ta nuna allon da haɓa ta tambaye shi waɗanda suka kafa shi a ina suke zaune. Ya ce manyansu suna birni. Ta gyaɗa kai ta tashi.

A hanyar dawowa, suna isa Tudun Wada Kande ta ce ƙafarta ta yi tsami, kuma ga la'asar, su sauka su yi salla a gidan wani ɗan arziki. Tasalla ta san ɗan arzikin, amma alwala ta matse ta, ta bi.

Gidan Bature gida ne. Ƙofar ƙarfe, tayil har banɗaki, fanka na juyawa a sama. Kande ta riƙa buɗe ɗakuna kamar ita ta gina, tana cewa Yaya dubi nan, Yaya dubi can. Bature da kansa ya kawo musu lemo, ya zauna a ƙasa. Ba shi da rawar kai, wannan ne ma ya fi ba Tasalla haushi, don ta so ta samu abin zagi.

"Gwaggo, ni ne malami na ukun da ya gudu daga Rafin Ɗinya," in ji shi. "Da ni aka yi tafi ranar da aka kafa allon nan. Abdulhadi ɗan'uwana ne, tabarma ɗaya muka kwana a siton nan. Na ce masa ya taho, ko gobe ya zo ina da aikin ba shi. Ya ƙi. Ni ban ce ya yi laifi ba. Amma mace ba ta zama a cikin alkawari."

Ta ce masa ta ji, Allah ya ƙara buɗi. Lemon kuwa ba ta sha ba.

Sai bayan magariba suka isa Kiru. Ta aika wa Shitu cewa ta gaji, sai da safe.

Gari na wayewa Hindatu ta shigo da koko, ta ajiye, ta zube a gabanta. Kande ta riga ta fesa wa gidan labari tun a daren, har da akuya.

"Gwaggo, ki ce kin ga ɗaki."

"Ban ga ɗaki ba."

"Ai bango huɗu ne, Gwaggo. Ga ƙofa, ga taga. In kin ce ɗaki ba ki yi ƙarya ba. Ni zan zauna a siton, wallahi zan zauna. Ke ba ki zauna ba?"

"Na zauna. Shi ya sa nake gaya miki. Kin san abin da ake kira bango huɗu babu rufi? Kango. Tun kafin a haifi ubanki sunansa ke nan, ba ni zan sake masa suna yau ba."

Hindatu ta kifa kai a cinyarta tana kuka mai cin rai, irin wanda ba ya fita da ƙara. Tasalla ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta isar da saƙon Abdulhadi: in ta ce ya bar koyarwa zai bari, ga Bature ma ya ce zai ba shi aiki, ya kama haya a Tudun Wada, Shitu ba zai ƙi ba. Kalma ɗaya ce, ta faɗa a huta.

Yarinyar ta ɗago tana girgiza kai.

"Ba zan ce ba. In na ce zai bari, na sani. Sannan kullum ya tashi da safe ya je yana auna wa Bature shinkafa, ya dawo ya kalle ni, ya tuna ni na rufe makarantar nan. Gwaggo, wanda nake so shi ne wanda kika gani a gindin bishiya. In na cire shi daga can ban san wa zan aura ba."

"To ki zauna ke babu miji, shi babu mata, su kuma masu allo suna can suna shan iska."

Ta faɗa ne don ta yi mata zafi, amma maganar sai ta dawo ta zauna a ƙirjinta ita kanta. Ta daɗe tana kallon kokon har ya yi sanyi.

Da hantsi Shitu ya shigo tsakar gida, aka shimfiɗa masa buzu. Matan gida suka daina surfen geron biki, kowacce ta rakuɓe da taɓarya a hannu. Kande na gefe ta ɗora ƙafa kan ƙafa. Hindatu na bayan ƙyaure.

"Yaya, me kika gani?"

"Kango na gani."

Ta ba shi labari tiryan tiryan, ba ta rage ba ba ta ƙara ba: tafasa, akuya, sito, azarar da aka hana ɗorawa. Ta faɗi ramar yaron, ta faɗi gidan Bature da tayil ɗinsa. Shitu ya saurara yana jan carbi. Da ta gama ya yi salati a hankali ya ce shi ba ya ƙin yaron, Allah ya sani, amma magana ya yi a gaban mutane, kuma ya ga abin da ya sami yayarsa da idonsa, ba zai sake gani a kan 'yarsa ba. A fito da akwatunan. Tunda Yaya ce ta karɓa, ita za ta mayar wa iyayensa a Bebeji.

Aka fito da su aka ajiye a tsakar gida. Daga bayan ƙyaure aka ji wani abu ya faɗi, kamar mutum ya sulale.

Tasalla ta tashi ta ɗaura mayafi a ƙugu.

"Zan mayar. Amma ba Bebeji ba."

Shitu ya ɗago.

"Shitu, a al'adarmu wa ake mayar wa kaya? Wanda ya janye. Iyayen yaron nan sun janye? Shi ya janye? Ya ce akwai gida don an ce masa akwai gida. Talakawan gari sun kawo azara an kore su. Wanda ya kashe auren nan yana can birni a ƙarƙashin fanka. Shi zan kai wa. In buɗe masa a kan teburinsa, atamfa da takalmi da 'yan kunne, in ce ga lefen malaminku nan, ku da kuka hana shi ɗaki ku san yadda za ku yi da shi."

Kande ta ce wannan ai hauka ne, ko ƙofar ofishin ba za a bar ta ta shiga ba, ita da ko sunanta ba ta iya rubutawa.

"Ban iya rubutu ba, na iya zama. In zauna a bakin ƙofar da akwatunan har mai shiga da mai fita su gaji da tsallake ni. In sun kore ni akwai gidan rediyo. Na yi shiru a kan Inuwa, aka yi ta ce mini haƙuri, ladan malami yana lahira. Ya tafi lahirar. Wannan kuma a duniya za a rufa masa ɗaki. Ko su rufa, ko su buɗe baki su ce mutanen gari su rufa. Kalma ɗaya nake nema."

Shitu ya ce za ta mai da gidansu abin magana a gari. Ta ce gidan da aka mayar da lefe ana saura kwanaki ai ya riga ya zama abin magana. Ta kuma tuna masa abin da ya sani sarai: muddin kayan nan ba su shiga gidan iyayen Abdulhadi ba, aure bai mutu ba. Kuma ita ce babba. Nonon da ya sha ita ta sha ta rage masa.

Carbin ya tsaya a hannun Shitu.

"Ranar da aka sa tana nan, Yaya, ba zan ɗaga ba ko da yini ɗaya. In ta zo babu rufi a kan ginin nan, ni da kaina zan kai kayan Bebeji. Daga can kuma in ba mutanen Bature amsa."

Ya tashi ya karkaɗe buzunsa ya fita.

Tasalla ta ce Kande ta kama mata akwati ɗaya zuwa tasha. Kande ta ce ita ba za a gan ta cikin wannan abin kunya ba. Sauran matan suka sunkuyar da kai, babu mai son shiga tsakanin maigida da yayarsa.

Sai Hindatu ta fito. Fuskarta jiƙe. Ta sa hannu za ta ɗauki ƙaramin, Gwaggo ta buge hannun ta ce ba a taɓa ganin amarya ɗauke da lefenta a titi ba, kuma ba a kanta za a fara ba. Ta ce ta yi mata gammo kawai.

Hindatu ta cire ɗankwalinta ta naɗe ta ɗora mata a ka. Ta ɗaga babban akwatin ta aza, ta ɗaga ƙaramin ta aza a kansa. Wuyan tsohuwar ya yi rawa, gwiwoyinta suka ɗan lanƙwashe, ta dafa bango har ta daidaita.

"Gwaggo, in suka ƙi fa?"

Tasalla ba ta saba faɗin abin da ba ta sani ba. Ta taka a hankali har bakin zaure. A nan ta tsaya, ba ta iya waiwayowa saboda kaya, ta yi magana da bango a gabanta yadda duk gidan zai ji.

"Ku kuma da kuka tsaya kuna kallona, wa ya ce ku ajiye taɓarya? A ci gaba da surfen nan."